Yadda muka nemo mai riƙe mana makullin sito

Buhu 41 na takin yuriya ne suka tilasta mini koyon yadda ake ganawa da mai neman aiki. A makon farko bayan ƙaramar sallah muka ƙirga kayan sito, ni da Hajiya akantarmu. Katin sito yana faɗin abu ɗaya, buhunan da ke ƙasa suna faɗin wani. Muka bari sai bayan la'asar muka sake ƙirgawa, ko zafin rana ne ya ruɗa mu. Lissafi bai motsa ba.

Yaron da ke riƙe da makullin ba ɓarawo ba ne, har yau haka na yi imani. Manomi sananne zai zo daga Wurno ko Goronyo cikin gaggawa, mota tana jira a waje, ya ce a ba shi buhu biyu zai turo kuɗi da yamma. Yaron ya ba shi, ya ce a ransa zai rubuta anjima. Anjima ta zama gobe, gobe ta zama mako. Wasu sun biya, wasu sun manta, wasu kuma da suka ga ba a tambaya ba suka ja bakinsu suka yi shiru. Kuma ni na ɗauke shi aiki. Shekara biyu kafin nan ya shigo ofishina da takardunsa a jaka mai kyau, ya gaishe ni da ladabi, ya yi Turanci mai daɗin ji, muka yi hirar da ba ta kai minti 15 ba, rabinta a kan malaman da suka koyar da mu a jami'a. Ban tambaye shi ko ya taɓa cika katin sito ba. Ban tambaye shi ko ya iya ce wa babba a'a ba. Cinikin biri a sama na yi, kuma da dukiyar wani.

Shagonmu na sarin taki ne da iri da maganin feshi da injin ban ruwa, a cikin garin Sakkwato. Mu 14 ne ma'aikata, ban da 'yan dako da ake kira ranar da tirela ta zo. Da na kai wa Alhaji maigida rahoto, ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya ce a mayar da yaron gaban kanta inda ido ke kansa, a nemo wani kafin damina ta faɗi. Na roƙe shi mako uku, da sharaɗi ɗaya: kada a ɗauki kowa sai wanda ya bi ta hanyar da za mu shimfiɗa, ko ɗan wane ne. Ya amince.

Abin da na fara yi shi ne abin da ban taɓa yi ba, wato zama in rubuta mene ne ainihin aikin. Na je na sami Baba, shugaban 'yan dakonmu, a gindin dogon yaron da ke ƙofar sito. Ya fi shekara 20 yana sauke taki a wurare daban-daban, ya ga masu riƙe sito iri-iri. Na ce, Baba, wane irin mutum ne ke daɗewa a wannan aiki ba tare da an samu giɓi ba? Ya ce, "Manaja, wanda alƙalaminai ke rigan bakinai. Buhu bai hita sai ya rubuta." Ya ƙara da cewa dole ya zama mai iya tsayuwa a rana, mai sanin yadda ake magana da lebura ba tare da wulaƙanci ba, don lebura in ka raina shi, shi ya san inda zai jera maka kaya lissafi ya ɓace maka. Da na koma ofis sai ayar Suratu Yusuf ta faɗo mini, inda Annabi Yusuf, Alaihis Salam, ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa domin shi mai tsarewa ne, masani. Tsarewa da sani. A kansu na gina abubuwa huɗu da za mu auna: iya lissafi, rubutu a kan lokaci, riƙe amana ko da an matsa, da iya zama da mutane.

Da na duba waɗannan huɗu, ban ga inda digiri ya zama dole ba. Sai muka rubuta a sanarwa cewa difloma ta isa, ko takardar sakandare tare da shekara biyu na riƙe kaya ko littafin ciniki. Muka faɗi albashi ƙarara. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma duk da dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, na ce wa Alhaji mutumin da za a damƙa wa kayan miliyoyi bai kamata a ba shi ƙasa da haka ba, ya yarda a ɗan haura. Muka rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba a sayar da fom, ba a karɓar ko sisi, domin yaranmu sun sha cuta a hannun masu karɓar kuɗi da sunan sama musu aiki. Muka liƙa a ƙofar shago, muka tura ta WhatsApp.

Cikin kwana 10 takarda 63 suka taru a teburina. Wannan tarin ya fi komai taɓa mini zuciya a duk hidimar. Akwai masu digiri da suka gama bautar ƙasa shekara huɗu, biyar, suna zaune. Akwai malamin firamare mai iyali. Akwai wanda ya rubuta da hannu a takardar littafin makaranta. Gurbi ɗaya ne tak. Ni da Hajiya muka zauna dare biyu, kowa ya karanta daban, muna neman abu ɗaya a kowace takarda: shin wannan ya taɓa riƙe kayan wani ko kuɗin wani? Muka fitar da mutum 8.

Kafin mu gama, waya ta fara ƙara. Wani abokin cinikinmu babba ya turo yaronsa da 'yar takarda. Wani maƙwabci ya tare ni a ƙofar masallaci. Duk waɗannan na iya da su, na ce su kawo takardu kamar kowa. Wanda ya yi mini nauyi shi ne kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda a gidansa na zauna lokacin da nake sakandare. Ya kira ni bayan magariba ya ce, "Ɗana, ƙanenka na nan zaune shekara ukku da digirinai, kuma na ji aiki na hannunka." Na ce, Kawu, Allah shi ƙara girma, aikin ba nawa ba ne, amana ce aka ba ni. In takardunsa sun cika sharaɗi zai zauna gabanmu, amma ni ba zan ba shi maki ba, wasu ne za su ba shi. Ya ce to, irin "to" ɗin da ka san ba a gama magana ba. Yaron ya shiga cikin 8 ɗin da haƙƙinsa, don ya taɓa riƙe wa wani shagon kayan gini.

Na tsara tambayoyi biyar, kuma na yanke cewa kowa su za a yi masa, a jere ɗaya, ba ƙari ba ragi sai tambayar bin diddigi. A nan na tuna da wani abu da aka koya mana a darasin kula da ma'aikata, wanda a lokacin na haddace shi don jarrabawa kawai. A 1998 wasu masana biyu na Amurka, Frank Schmidt da John Hunter, sun tattara binciken shekara 85 a kan hanyoyin zaɓen ma'aikata, suka nuna cewa ganawar da aka tsara tambayoyinta, da gwada mutum a kan aikin kansa, sun fi hira kara-zube nuna wanda zai iya aiki. Bahaushe ya riga ya faɗe shi a taƙaice, gani ya kori ji. Don haka muka raba ganawar gida biyu, zama a ofis minti 25, sannan shiga sito.

Mu uku muka zauna: ni, Hajiya, da Baba. Alhaji ya yi mamakin sa Baba a ciki, na ce masa shi ne zai yi aiki da mutumin kullum. Baba ba ya rubutun boko, sai na karanta masa abubuwa huɗun ya rubuta su da ajami a takardarsa, muka yi da shi cewa zai ja layi daga ɗaya zuwa biyar a gaban kowanne.

Watan Afrilu ne, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Ban yarda a tara mutum 8 tun safe su yi ta jira ba, don na san yadda abin yake, na taɓa wuni a barandar wani ofis daga ƙarfe 8 har la'asar ba wanda ya ce mini ko ga ruwa. Muka raba su kwana biyu, huɗu-huɗu, kowa da lokacinsa, daga ƙarfe 8 zuwa kafin azahar. Muka ajiye benci a inuwa da ruwan sanyi a kula. Muka sa kuɗin mota a ambulan ga kowa, domin tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, zuwa daga Illela ko Tambuwal da komawa ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ba ya da aiki, ko kuɗin kabu-kabu a cikin gari ma nauyi ne.

Wanda ya fara shigowa hannunsa na rawa. Na lura da haka lokacin da yake miƙo takardu. Sai na fara da gaisuwa, na tambayi hanya, na gabatar da mu ukun, na faɗa masa abin da za a yi da tsawon lokacin da zai ɗauka, na ce da Hausa za mu yi magana, Turancin da muke buƙata shi ne na karanta takardar rakiyar kaya da abin da ke jikin kwalba, kuma wannan a sito za mu gani. Nan take kafaɗunsa suka sauka. Haka na yi wa kowa.

Tambayoyin duk a kan abin da ya riga ya faru ne. Idan ka ce wa mutum, me za ka yi in ka ga giɓi a lissafi, kowa zai ce zai kai rahoto nan take, don kowa ya san amsar da ake so. Amma idan ka ce, ba mu labarin ranar da lissafi ya ƙi fita a hannunka, to nan ne ake rabuwa. Wanda ya taɓa yi zai faɗi wuri, ya faɗi irin kayan, ya faɗi wanda ya yi masa faɗa. Wanda bai taɓa yi ba zai yi ta zagaye. Da yawa suna cewa "sai muka yi kaza", sai in ce, kai da hannunka me ka yi? Sai kuma me ya faru? Tambayar da ta fi tona asiri ita ce ta uku: ba mu labarin ranar da wanda ya girme ka, ko wanda kake jin nauyinsa, ya nemi ka yi abin da ka san bai kamata ba.

Abu mafi wuya a gare ni shi ne yin shiru. Ni mai yawan magana ne, kuma da mutum ya ɗan tsaya sai in ji kamar in ƙarasa masa. Hajiya ta ja mini kunne tun kafin mu fara, ta ce in ƙirga goma a zuci kafin in sake buɗe baki. Sau da yawa amsar gaskiya a cikin wannan shirun take fitowa. Na kuma hana kaina wani kuskure. Yaron da aka yi wa tarbiyya a nan ba zai kalli ƙwayar idon babba ba, kuma yabon kai yana yi masa nauyi. In ka ɗauki sunkuyar da kai a matsayin rashin ƙarfin zuciya, za ka zubar da nagari ka kwashi masu baki. Akwai kuma abin da muka yi alkawari tsakaninmu ba za mu tambaya ba: ƙabila, jam'iyya, masallacin da mutum ke bi, ko mace tana shirin aure ko haihuwa. Ba ɗayansu da ke ƙirga buhu.

Mutum uku sun tsaya mini a rai. Akwai wani cikin shadda mai sheƙi, mai digiri, wanda maganarsa ta burge ni har na ji tsohon halina yana motsawa. Akwai wata matar aure daga Mabera, mai babbar difloma a fannin akanta, ta yi shekara uku a kantin magani. Sai wani siriri daga wajen Kware, mai ƙaramar difloma daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, wanda ya yi shekaru yana riƙe wa wani dillalin albasa littafi. Muryarsa ƙasa-ƙasa take har sai da Baba ya matso da kujera. Da muka zo tambayar lissafi ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce akwai ranar da buhu biyu na albasa suka ɓata a lodin da shi ya ƙirga, maigidansa bai lura ba, ya kwana bai yi barci ba, da asuba ya je ya faɗa masa, aka cire daga kuɗinsa cikin wata biyu. Na ce me ka canza bayan nan? Ya ce tun daga ranar ba ya ƙirga lodi yana amsa gaisuwa.

A sito muka shirya musu abu ɗaya. Mun jera yuriya layi uku, kowane layi buhu 40, kati ya ce 120. Muka zare 3 daga layin da ke jikin bango muka ja tamfol a kai, muka musanya buhun yuriya ɗaya a tsakiya da na takin kamfa, muka ajiye katan ɗin maganin ciyawa a gefe, kwalba biyu a ciki wa'adinsu ya wuce. Muka ba kowa kati da biro da minti 15, muka ce ga kaya, ga kati, ka faɗa mana ko za ka sa hannu ka karɓa.

Mai shadda ya ƙirga layin gaba, ya ninka sau uku, ya sa hannu cikin minti huɗu. Baba ya raɗa mini, "Wanga baki gare shi, amma hannunai bai san buhu ba." Ɗan Kware ya cire takalmi ya hau, ya yaye tamfol, ya ƙirga layin baya sau biyu, ya gano giɓin da buhun kamfa, amma bai buɗe katan ba har lokaci ya ƙare. Matar Mabera ba ta hau ba. Ta kira lebura biyu cikin ladabi ta ce su yaye mata tamfol, ta ƙirga, ta rubuta 116 na yuriya da 1 na kamfa, ta buɗe katan ta juya kowace kwalba tana duba kwanan wata da lambar NAFDAC, ta ware biyun. Sannan ta nuna layin bayan ta ce me ya sa aka jingina taki da bango ba a bar rata ba, yuriya tana jan danshi ta dunƙule. Wannan ba ya cikin abin da muka shirya, kuma gaskiya ta faɗa.

Ƙa'idarmu ita ce kowa ya rubuta makinsa da zarar mutum ya fita, kafin wani ya buɗe baki. In ba haka ba, duk abin da manaja ya fara faɗa shi sauran za su bi. Lokacin da ɗan kawuna ya shigo na gaishe shi na fita, na bar Hajiya da Baba, kuma makinsu kawai aka yi amfani da shi. Ya zo na huɗu.

Matar Mabera ce ta zo ta ɗaya, ɗan Kware na biye da ita da 'yar tazara. Baba, wanda shi ma ya ba ta maki mai yawa, ya ce, "Manaja, wagga ta san aiki, amma lebura ba su jin maganar mace." Hajiya ta ce, "Baba, shekara nawa kuke karɓar sallama daga hannuna, wa ya taɓa musa mini?" Baba ya yi murmushi ya ce gaskiya ne. Muka kira masu kantin maganin da ta bari da dillalin albasan, na yi wa kowannensu tambaya ɗaya bayan gaisuwa: in ya dawo gobe, za ka sake ɗaukarsa? Duka biyu ba su yi jinkirin cewa e ba.

Ita muka fara yi wa tayi. Amma tun a wurin ganawa, da muka ce ko tana da tambaya, ta tambayi lokacin da tirela ke isowa. Na faɗa mata gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi: motar da ta taso daga Fatakwal ko Legas ba ta da lokaci, wani sa'in sai bayan isha'i ake fara saukewa, kuma mai sito ba ya tafiya sai buhun ƙarshe ya shiga. Ta nemi kwana ɗaya ta yi shawara da mijinta. Washegari ta kira ta ce tana da yara ƙanana, ba za ta ɗauki amanar da ba za ta iya tsayawa a kanta ba. Laifina ne da ban sa maganar aikin dare a sanarwa ba, na ɓata mata lokaci na kuma sa mata rai. Na faɗa mata haka, na nemi izinin ajiye takardunta, don in gurbin ofis ya samu ita zan fara kira.

Ɗan Kware ya karɓa. Muka ba shi takardar ɗaukar aiki tun ranar farko, da albashi da lokacin aiki da wata uku na gwaji a rubuce. Dokar Ƙwadago ta ba mai ɗaukar aiki wata uku ya miƙa wa ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce, amma ban ga dalilin jira ba. Ya kawo mutum biyu da suka tsaya masa, na je na gan su da idona a inda suke sana'a. Sauran shida kuwa na kira su ɗaya bayan ɗaya, ban bar kowa yana jiran wayar da ba za ta zo ba. Wanda ya nemi sanin inda ya gaza na faɗa masa. Mai shadda ya yi shiru da na ambaci layin baya, sannan ya yi godiya.

Gidan Kawu da ƙafata na je, bayan isha'i. Na zauna a ƙasa gefen tabarmarsa na faɗa masa yadda aka yi, na ce yaron ya yi ƙoƙari, akwai waɗanda suka fi shi sanin aikin ne. Ya saurara har na gama, ya ce Allah shi sa haka ya fi alheri, ya tambayi lafiyar iyali. Har yanzu gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba, kuma abin yana damuna. Ina nan ina nema wa yaron wani wuri.

Tirelar farko ta iso a ƙarshen watan Mayu, ana kiran magariba. Takarda ta ce buhu 600. Sabon mai sito ya tsaya a bakin ƙofa da tocila a hammata da kati a hannu, duk buhu 10 sai ya ja layi, wanda ya gaishe shi sai dai ya ɗaga masa kai. Yana da nawa, wannan ba ƙarya, aikin da ake gamawa ƙarfe 10 sai da ya kai 11 da rabi. Direban ya zo ofis sau biyu yana ƙorafi. A ƙarshe lissafinsa ya tsaya a 598 lafiyayyu da 2 da suka yage, ya rubuta haka a bayan takardar rakiya, ya miƙa wa direba biro. Direban ya kalle ni, na ce ya sa hannu. Na kulle ofis na bar su suna jan tamfol, hadari yana haɗowa ta gabas.